Gyambon Ƙafa: A Duba Ƙafar Kafin a Ɗaure Ciwon

Laccar da aka gabatar a Kagoro ga ma'aikatan lafiya, ɗalibai da jama'ar gari

 Na san wasunku gona suka bari, wasu kasuwa, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Maganar da aka ɗora mini ita ce gyambon ƙafa. Ba na jin akwai mutum ɗaya a ɗakin nan da bai san mai gyambo ba. Akwai dattijon da ya shekara da shekaru yana naɗe ƙwauri da tsumma. Akwai matar da ta daina zama a tsakiyar zumuntar mata, ta koma bakin ƙofa saboda wari. Akwai saurayin da ko ana tsananin bazara ba ya rabuwa da dogon wando da safa, akwai kuma yarinyar da aka fasa aurenta. Gyambo bai cika kashe mutum da gaggawa ba, shi ya sa ba a ƙirga shi yadda ake ƙirga zazzaɓin cizon sauro ko mutuwar mata wajen haihuwa. Amma yana cinye kuɗin gida, yana hana noma, yana raba mutum da jama'a.

Ga abin da aka saba gani a ɗakunan shan magani, daga nan har Manchok da Zonkwa da Gidan Waya. Mai gyambo ya zo, a kwance tsumma, a wanke, a sa auduga, a ɗaure, a yi masa allura, a ce ya dawo bayan kwana uku. Ya dawo, a maimaita. Wata ya wuce, shekara ta zagayo, ma'aikaci yana iya ƙoƙarinsa, mara lafiya yana biya, ciwo yana nan. A duk tsawon lokacin nan ba wanda ya ce masa ya naɗe wandonsa har cinya, ba wanda ya taɓa bayan ƙafarsa ya ji ko jini na bugawa, ba wanda ya auna masa suga. Allah ya halicci fata tana haɗe kanta: yankan lauje ko kartar ƙaya, in jiki lafiya yake, cikin mako biyu ko uku ya rufe. Duk ciwon da ke ƙasa da gwiwa da ya wuce mako huɗu zuwa shida bai kama hanyar warkewa ba, to akwai abin da ke riƙe da shi. Aikinmu na farko shi ne gano wannan abin. Wanki da ɗauri suna biyo baya.

A 1988 wani likitan fiɗa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa sakamakon jinyar mutum 59 masu raunuka da gyambunan da suka gagari maganin da aka saba. Da zuma ya yi musu jinya, kuma 58 suka samu sauƙi sosai. Ɗaya ne ya ƙi. Da aka bincika sai aka tarar gyambon Buruli ne, wanda wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta tarin fuka ke haddasawa. Mutane sukan tuna da 58 ɗin su yabi zuma, kuma ta cancanci yabo. Ni na ɗayan nan nake so ku riƙe. Duk kyan abin da kake shafawa a saman ciwo, in tushensa wani ne daban, aikin banza kake.

Bari mu fara da jijiyoyi, tunda su ne tsakiyar maganarmu. Jini na da hanyar zuwa da hanyar komowa. Zuciya tana tura shi cikin jijiyoyin kaiwa har yatsun ƙafa, wannan gangara ce, ga kuma ƙarfin zuciya a bayansa. Komowar ce mai wuya, domin mutumin da ke tsaye sai jininsa ya hau fiye da mita ɗaya daga idon sawu kafin ya isa ƙirji. A cikin jijiyoyin komowa akwai 'yan bawul da ke buɗewa sama kawai. Wani malamin ilimin jiki a Jami'ar Padua ta Italiya, Fabricius, ya zana su a littafinsa na 1603, ɗalibinsa William Harvey na Ingila kuma ya dogara da su ya nuna wa duniya a 1628 cewa jini zagayawa yake yi. Wanda ke tura jinin sama shi ne sharaɓa, wato naman bayan ƙwauri. Duk takun da ka yi, naman nan ya matse jijiya, jini ya hau, bawul ya rufe ya hana shi gangarowa. Kun san famfon tuƙa-tuƙa na rijiyar burtsatse. In robar bawul ɗinsa ta cinye, sai a yi ta buga hannu ruwa na komawa ƙasa. To haka ƙafar mai ciwon jijiyar komowa take.

A ma'aunin da muke auna hawan jini da shi, mutum in ya tsaya cak, nauyin jinin da ke jijiyar idon sawunsa yakan kai 80 zuwa 90. Da ya fara tafiya, in bawul lafiya suke, sai ya sauko ƙasa da 30. Wanda bawul ɗinsa suka lalace kuwa, ko yana tafiya nauyin ba ya sauka yadda ya kamata. Yini guda, shekara da shekaru, fatar ƙwaurinsa tana ɗauke da wannan matsi. Ruwa ya tsattsafo cikin nama, ƙafa ta kumbura da yamma ta saɓe da safe. Jajayen ƙwayoyin jini su fita daga hanyarsu su mutu a ƙarƙashin fata, ƙarfen da ke cikinsu ya rina wurin ya yi baƙi. Fatar ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, ta yi tauri ta manne da ƙashi, ƙasan ƙwauri ya tsuke sama ya kumbura. Daga nan abu kaɗan ake jira. Susa da farce, bugun kujera, ƙunar salansar babur, sai wuri ya buɗe ya ƙi rufewa.

Me ke lalata bawul? Gado na ciki: in uwa na da jijiyoyin da suka fito ruɗu-ruɗu a ƙafa, 'ya'ya sukan samu. Ciki bayan ciki na ciki, domin mahaifa na danne manyan jijiyoyin ƙugu. Ƙiba da tsufa na ciki. Sai aikin tsayuwa wuri ɗaya: mai tuya a bakin tasha, mai aski, malamin aji, ɗan sanda a shingen hanya, matar da ke yini a gindin tukunya. Tafiya ba ta ɓata jijiya, tsayuwa ba motsi da dogon zama ƙafa a rataye su ne matsala. Akwai kuma babban dalilin da aka fi mantawa, wato daskarewar jini a jijiyar can ciki. Mace ta haihu, bayan kwanaki ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, aka gasa da ruwan zafi, ta lafa. Ko mutum ya karye aka yi masa ɗori ya kwanta wata biyu. Gudan jinin ya narke amma ya bar bawul a lalace, gyambon kuma sai bayan shekara biyar ko goma ya bayyana, lokacin kowa ya manta da wancan kumburin. In ba ka tambaya ba, ba za a faɗa maka ba.

Gyambon jijiyar komowa yana da mazauni. Tsakanin idon sawu da tsakiyar ƙwauri yake zama, galibi ta ciki, sama kaɗan da idon sawu. Ba shi da zurfi, bakinsa a kwance yake ba tsari, cikinsa ja ne ko da ɗan rawaya, yana zubar da ruwa da yawa har ya jiƙa bandeji. Ƙafar da ɗumi, jini na bugawa. Mai shi zai ce maka ƙafar na yi masa nauyi da yamma, in ya kwanta ya ɗaga ta sai ya ji sauƙi.

A nan ina da jan kunne ga ɗalibai. Yawancin hotunan da ke littattafanku na farar fata ne. Za ku karanta cewa wurin yakan yi ja ko ruwan ƙasa, ku zo ku duba ƙafar mahaifiyarku ba ku ga ja ba, ku ce lafiya. A fatarmu abin da za ka gani shi ne wurin ya fi sauran jiki duhu, yana sheƙi, ko ya yi fari-fari da ɓawo. Hannu ya fi ido aiki a nan: ka ji ɗumi, ka ji tauri, ka danna ka ga ko yatsa ya bar rami. Kuma kullum ka kwatanta da ɗaya ƙafar, a hasken rana, ba a lungun ɗaki ba.

A Turai da Amurka kusan gyambo bakwai cikin goma na jijiyar komowa ne. Kada mu ɗauko wannan lissafi mu ɗora wa Kudancin Kaduna. Jama'armu matasa ne, manoma ne, suna hawa babur, kuma muna da cututtukan da su ba su da su. Ciwon jijiyar komowa yana nan a cikinmu, ya fi yadda ake zato yawa, amma yana da abokan kama da dole mu san fuskokinsu.

Na farko, kuma mafi haɗari in aka rikita su, shi ne gyambon toshewar jijiyar kaiwa. A nan jinin ne bai isowa. Yana kama dattawa, masu shan taba, masu suga da masu hawan jini. Yana zama a yatsu, a dunduniya, a bayan ƙafa ko kan ƙashin ƙwauri. Ƙarami ne amma mai zurfi, bakinsa a yanke tsaf, cikinsa fari-fat ko baƙi, a bushe. Ƙafar da sanyi, gashinta ya kakkaɓe, farata sun yi kauri. Ka tambayi mai shi tafiya. Zai ce da can yakan hau dutsen Kagoro lokacin Afan ba ya tsayawa, yanzu kuwa daga gida zuwa kasuwa sai sharaɓarsa ta ɗaure, ya tsaya ya huta, ta saki, ya ci gaba. In abin ya yi nisa, da dare zafi ke ta da shi, sai ya sauko da ƙafar daga gado ya rataye ta kafin ya samu barci. Ku lura da wannan bambanci: mai ciwon komowa ɗaga ƙafa ke ba shi sauƙi, mai ciwon kaiwa sauke ta.

Sai gyambon da ba ya zafi a tafin ƙafa, a wurin da ake takawa, kewaye da kanta. Wannan na mutuwar jijiyar ji ne, kuma abu biyu za ka fara tunani, suga da kuturta. Mutum ya taka ƙusa ya yini bai sani ba. Ka sa shi ya rufe ido, ka taɓa kan yatsunsa a hankali, ka ce ya faɗa in ya ji. Ka duba jikinsa ko akwai tabo mai haske da ba ya jin taɓi. Kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne, kowace ƙaramar hukuma na da jami'in tarin fuka da kuturta, cibiyar horarwa ta ƙasa kuma tana Saye kusa da Zariya.

Sikila kuwa tamu ce. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da ƙwayar gadonta, kuma ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai. Mutum na farko da aka rubuta labarin cutarsa a littattafan likitanci, Walter Clement Noel, ɗan tsibirin Grenada da ke karatun likitan haƙori a Chicago, wanda likita James Herrick ya bayyana a 1910, yana da tabban tsofaffin gyambuna a ƙafafunsa. Tun ranar farko gyambo na cikin alamun cutar. Yana fitowa a gefen idon sawu, ciki ko waje, wani lokaci ƙafa biyu, yawanci bayan shekara goma da haihuwa, yana da azabar zafi, ya warke ya dawo. Duk matashin da ya zo da gyambon idon sawu, a duba idonsa ko ya yi rawaya, a tambayi ciwon ƙashi, a yi gwajin jini.

Da damina, lokacin da ake cikin caɓi daga Afrilu har Oktoba, akwai gyambon da ke kama yara da samari masu aikin gona ba takalmi, musamman in abinci ya yi ƙaranci. Ƙaramar karta ce, ta yi ƙurji, cikin mako biyu ta zama rami zagayayye mai wari da zafi. Wannan ƙwayoyin cuta ne, kuma in aka kama shi da wuri, maganin ƙwayoyin cuta da tsafta da abinci mai kyau suna kashe shi. In aka bar shi, ya zama na shekaru. Buruli kuma akasinsa ne wajen zafi: yakan fara da ƙullutu ko kumburi marar ciwo, ya fashe, fata ta rarake ta ƙarƙashi har ka iya zura auduga a ƙarƙashin bakinsa. Sunan wani yanki ne a Uganda. A Nijeriya an fara ba da rahotonsa daga kwarin Binuwai a 1967, ya fi yawa a jihohin kudu masu fadama, maganinsa a yau ƙwayoyi iri biyu ne na mako takwas. Ka tambayi mara lafiya inda ya zauna da inda ya yi ƙwadago.

Kada mu manta da hatsarin babur da saran maciji da karayar da ƙashi ya fito waje. Ramin da ke ta zubar da mugunya a kan ƙashin ƙwauri, ya rufe ya buɗe, wani lokaci har ɗan guntun ƙashi ya fito, wannan ƙashin ne ya ruɓe, sai hoto da fiɗa.

Na ƙarshe shi ne wanda ke sa ni rashin barci. Gyambo ko tabon ƙuna da ya daɗe, shekara goma, ashirin, talatin, yana iya rikiɗa ya zama sankarar fata. Likitoci na kiransa da sunan Marjolin, wani likitan fiɗa na Faransa da ya yi bayanin irin waɗannan gyambuna a 1828. A ƙasarmu sankarar fata da yawa daga tsohon gyambon ƙafa take tasowa. Alamarta: bakin ciwon ya tashi ya kife waje, nama ya tsiro gutsi-gutsi, yana jini da an taɓa, warin ya canja, ƙululu ya fito a matsematsi. In ka ga haka, ko kuma ka yi wata uku kana jinyar da ta dace ciwo bai ragu ba, a yanki ɗan nama daga bakinsa a kai ɗakin gwaji. Wanda aka gano da wuri ana yanke wurin a yi masa dashen fata ya tafi da ƙafarsa. Wanda ya makara, ƙafar ake yankewa, wani ma ba a samun ransa.

To yaya za a rarrabe duk waɗannan a ƙaramin asibiti da ba wuta ba na'ura? Da baki, da ido, da hannu. Ka zauna ka yi tambaya: yaushe ya fara, da me ya fara, ya taɓa warkewa ya dawo, yaushe ya fi zafi, me ke kawo sauƙi, wane aiki ake yi, haihuwa nawa, ƙafar ta taɓa kumbura ita kaɗai, an taɓa karaya, akwai suga ko sikila a gida, ana shan taba, me aka riga aka sa a ciwon. Tambayar ƙarshen nan a yi ta da ladabi. In ka ɗaure fuska, za a ce maka ba a sa komai ba.

Sannan a cire takalmi da safa, ƙafa biyu, a naɗe tufa har cinya. Iyayena mata, na san akwai kunya, kuma haƙƙinku ne ku nemi mace ta duba ku ko wata ta tsaya a wurin. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A duba mara lafiya yana tsaye, domin jijiyoyin da suka kumbura in an kwanta ɓacewa suke. A duba tsakanin yatsu da tafin ƙafa da dunduniya. In ƙafa biyu ne suka kumbura daidai, a tuna da zuciya da ƙoda da hanta. Sai ya kwanta, ka nemi bugun jini a wuri biyu: a bayan ƙafa, kan layin da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, da kuma bayan idon sawu na ciki. Ku ɗalibai, ku riƙa gwadawa a ƙafafun junanku har yatsunku su san wurin ko a duhu.

Hannu yana iya kuskure, musamman a ƙafar da ta kumbura. Shi ya sa ake da wata 'yar na'ura mai batir da ake kira Doppler, tana shiga aljihu, tana jiyar da kai ƙarar gudun jini. Mara lafiya ya kwanta ya huta minti goma zuwa sha biyar. Ka auna hawan jini a hannu biyu ka ɗauki lamba ta sama wadda ta fi girma. Ka ɗaura abin awon sama da idon sawu, ka rufe ciwon da leda mai tsafta, ka auna a nan ma. Sai ka raba na ƙafa da na hannu. In ƙafa 120 hannu 120, amsa 1.0, jini na isa. In ƙafa 70 hannu 140, amsa 0.5, ƙafar nan na cikin yunwar jini. Daga 0.9 zuwa 1.3 lafiya. Ƙasa da 0.8 a yi hattara a nemi likita. Ƙasa da 0.5 a tura shi babban asibiti ba jinkiri. In amsa ta haura 1.3, musamman ga mai suga ko mai ciwon ƙoda, kada ka yarda da ita, domin jijiyarsa ce ta yi tauri ta ƙi matsuwa.

Dalilin da ya sa na nace a kan awon nan shi ne maganin. Gyambon jijiyar komowa matsi ne maganinsa: bandeji mai ƙarfi daga gindin yatsu har ƙasan gwiwa, da dunduniya a ciki, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, ya fi matsewa a idon sawu ya sassauta yana hawa. Ana neman matsin kimanin 40 a idon sawu. Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitan fata Paul Unna na Hamburg a Jamus ya fito da ɗauri mai man zinki, a shekarun 1980 kuma asibitin Charing Cross na Landan ya fito da ɗauri mai hawa huɗu. Da matsin da ya dace, da tafiya, da ɗaga ƙafa sama da ƙirji lokacin hutu, yawancin waɗannan gyambuna suna rufewa cikin wata uku zuwa shida, har waɗanda suka shekara. Bandejin kirif guda ɗaya da ake sayarwa a kemis ba ya kai wannan matsi, kafin yamma ya saki. Amma wannan ɗaurin da ke warkar da ƙafa ɗaya, in ka yi shi a ƙafar da jini bai isa, ka toshe ɗan abin da ya rage, yatsu su yi baƙi, a yanke. Don haka ba a matsa ƙafar da ba a tabbatar da bugunta ba. Kuma duk wanda aka ɗaure a gaya masa: in yatsu suka yi sanyi, suka mutu, suka canja launi, ko zafi ya ƙaru, ya kwance nan take ya dawo. Mai ciwon zuciya da ke haki ma sai da izinin likita.

Gwaje-gwajen da kowane mai tsohon gyambo ya kamata a yi masa kaɗan ne, kuma ana samunsu a Kafanchan: suga, yawan jini, gwajin sikila, da gwajin ƙanjamau bayan an yi masa bayani ya yarda. A tambayi allurar tetanus. Sannan a auna ciwon. Ɗora farar leda mai tsafta a kai, ka zana bakinsa da alƙalami, ka rubuta kwanan wata, ka ajiye a katinsa. Bayan mako huɗu ka sake. In bai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku ba, koma ka sake tunani tun daga farko. Ido na mantuwa, kuma mai wanke ciwo kowane kwana uku shi ne na ƙarshen lura da cewa ba ya motsi.

Wanki kuwa, tafasasshen ruwa da ya huce ya isa, ko a sa ƙaramin cokali biyu na gishiri a shafe cikin lita ɗaya. A daina zuba sifirit da ruwan kumfa kullum, suna kashe sabon naman da ke tsirowa. A daina buɗe kafso ana barbaɗa garinsa. Maganin ƙwayoyin cuta na da lokacinsa: in kumburi da zafi suna yaɗuwa, ko zazzaɓi ya shigo. Zuma mai kyau tana tsaftace ciwo tana kashe wari, amma wani gwaji da aka yi a New Zealand aka wallafa a 2008 ya nuna ba ta ƙara saurin warkewar gyambon jijiya a kan abin da matsi ke yi. Abinci ma magani ne. Nama ba ya tsirowa da tuwo zalla, a haɗa da wake, gyaɗa, waken suya, ƙwai da ganye.

Iyayena, ga tawa gare ku. Na san abin da ake faɗa a gida: wai ya taka wani abu a hanyar gona, wai jifa ne, wai daji ne ba ya son allura. Mutumin da ya shekara bakwai da ciwo, asibiti bai ba shi amsa ba, dole ya nemi amsa a wani wuri, kuma ban ga laifinsa ba. Addu'a kuwa ba wanda zai hana ku, mu ma muna yi. Roƙona shi ne a bar sa toka, da baƙin mai, da kashin shanu, da ƙasa a kan ciwo, domin ta nan cutar sarƙewar haƙora, wato tetanus, ke shiga. Kada a tsaga jijiyar da ta kumbura. In ta fashe da kanta jini na tsartuwa, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsumma mai tsafta, zai tsaya. Kada a ɗaure cinya da igiya. In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya tana zafi, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance, kada a yi tausa, a kai asibiti ranar. In haki ko ciwon ƙirji ya biyo baya, gudan jini ne ya tafi huhu, ko tsakar dare ne a nemi mota. Mai suga da ƙafarsa ta kumbura ko yatsa ya yi baƙi shi ma ba ya kwana a gida.

Wanda ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti a tura shi babban asibitin Kafanchan, daga nan in da bukata zuwa Jos, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko na Bingham, ko Barau Dikko a Kaduna, ko Shika a Zariya. A manyan asibitocin koyarwa ne ake hoton jijiya da ke nuna ainihin bawul ɗin da ya lalace, a nan ne kuma ake dashen fata da aikin jijiya. Aikin nan na da amfani: a wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mutum 450, aka wallafa a 2018, waɗanda aka toshe musu jijiyar da ta lalace da wuri tare da matsi sun warke a tsaka-tsakin kwana 56, waɗanda aka jinkirta musu kuma kwana 82. Ku rubuta takardar turawa da kyau: tsawon lokacin ciwon, girmansa, bugun jini, sakamakon suga, da abin da aka riga aka yi. Mutumin da ya sayar da buhun citta ya yi kuɗin mota bai kamata a mayar da shi gida don takarda ba ta ce komai ba.

Bayan ciwo ya rufe, bawul ɗin nan dai a lalace suke, don haka gyambon jijiya na dawowa in aka saki jiki. Safa mai matsi ta asibiti, a sa da safe kafin a sauko daga gado a cire da dare, a shafa man kaɗanya kada fata ta tsage, a riƙa tafiya, mai aikin tsayuwa ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa.

Ga shugabannin lafiya na ƙananan hukumomin Kaura da Jema'a, da masu kula da asibitocin mishan, da makarantun da ke horar da ma'aikatan lafiya a nan Kagoro da Kafanchan, ina da roƙo guda uku da ba su fi ƙarfinku ba. A sayi Doppler ta hannu ko da ɗaya ce a kowace babbar cibiya, a koya wa mutum biyu aiki da ita. A ware rana ɗaya a mako ta masu gyambo, yadda za a samu lokacin tambaya da awo, su ma su ga ba su kaɗai ba ne. A kuma sa ɗaurin matsi da neman bugun jinin ƙafa cikin abin da ɗalibi zai nuna da hannunsa kafin a ba shi takardar gamawa.

 Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, waɗanda kuma suka zo da ciwo su jira bayan an tashi, za mu duba su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin gefe.